Reina Sofía a Madrid: abin da tikitin shiga ke nuna maka na masu zanen Sifaniya da suka yi ƙaura

Gidan adana zane-zane na Reina Sofía yana kan titin Santa Isabel, lamba 52, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Atocha a birnin Madrid. Yawancin masu shigarsa abu ɗaya ne ya kawo su, wato Guernica, babban zanen Pablo Picasso kan ta'asar yaƙi. Su tsaya a gabansa minti biyar, su ɗaga waya su ɗauki hoto, su kama gabansu. Wannan sharhi na wanda yake son abin da ya fi haka ne, mai son ya ga yadda wasu 'yan Sifaniya suka bar gida tun daga 1900, suka nufi Paris, suka shiga sahun gaba na waɗanda suka birkita yadda ake zane a ƙarni na 20. Picasso da Juan Gris da María Blanchard da Joan Miró da Salvador Dalí da Óscar Domínguez duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya a nan, kuma da wuya a sami wani gini da ya tara su haka.

Hukuncin a taƙaice: wurin ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗin ka san abin da ba za ka tarar ba. Wanda ya zo da tsammanin zai ga duk fitattun ayyukan da ya saba gani a littattafai, zai fita yana ƙunƙuni. Zanen 'yan matan Avignon na 1907, aikin Picasso da ake cewa shi ya buɗe ƙofar Kubizim, salon farfasa siffar abu gefe-gefe a zane, yana New York. Agogunan Dalí masu narkewa na 1931 su ma suna New York. Zanen Gona na Miró na 1921 zuwa 1922 yana Washington. Dalilin wannan giɓi shi ne tarihin mutanen da kansa, don haka gara a fara da shi kafin a shiga maganar tikiti.

Waɗannan mutane sun tafi ne saboda kasuwa da idon da zai gane aikinsu suna Paris. Inda suka zauna, nan suka sayar. Dillalin Picasso da Gris, Daniel-Henry Kahnweiler, Bajamushe ne mai shago a Paris, kuma masu sayen farko Amurkawa ne da Rashawa da Jamusawa da 'yan Switzerland. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, gwamnatin Faransa ta riƙe kayan Kahnweiler a matsayin dukiyar abokin gaba, aka yi gwanjonsu tsakanin 1921 da 1923, ɗaruruwan zane suka watsu a hannun jama'a a farashin banza. A duk wannan lokaci gidajen gwamnati na Sifaniya ba su kula ba. Sai yaƙin basasa ya zo a 1936, Janar Francisco Franco ya hau mulki a 1939 ya zauna har 1975, Picasso kuwa ya ƙi taka ƙasar muddin yana kan mulki. Da ya rasu a Faransa a 1973, magadansa suka biya harajin gado da ayyukansa, Faransa ta kwashe kaso mai tsoka ta buɗe masa gida na musamman a Paris a 1985. Kafin Reina Sofía ya buɗe tarinsa na dindindin a 1992, an riga an raba naman, farashi kuma ya yi sama. Abin da ke bangon gidan yau an haɗa shi ne da kyauta da wasiyya da aro da saye a makare, da kuma karɓar zane a madadin haraji. Shi ya sa tarin yake da kauri a wani wuri, siriri a wani.

Kuɗin shiga na gama-gari Yuro 12 ne a 'yan shekarun nan. 'Yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 65 ba sa biya, amma sai sun nuna takardar shaida. Gidan a rufe yake ranar Talata, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kama baƙi, domin an saba da gidajen tarihi masu hutun Litinin. Ranar Litinin da Laraba zuwa Asabar ana buɗewa ƙarfe 10 na safe a tashi ƙarfe 9 na dare. Lahadi rabin wuni ce, ana rufewa ƙarfe 2:30 na rana. Awa biyun ƙarshe na kowace rana kyauta ne, wato 7 zuwa 9 na dare, ranar Lahadi kuma 12:30 zuwa 2:30. Farashi da lokaci sukan canja, saboda haka a leƙa shafin gidan na intanet kwana ɗaya kafin zuwa.

Lokacin kyautar nan yana da ƙugiya. Layi yakan fara tun kafin ƙarfe 7, ko kyauta ne sai ka karɓi tikiti, sai ka bi ta na'urar binciken jaka, sannan ma'aikata sukan fara fitar da mutane daga ɗakuna kafin ƙarfe 9 ta cika. In ka cire wannan duka, abin da ya rage maka bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, cikin cunkoso mafi muni na wunin, kowa kuma ɗakin Guernica ya nufa. Ga wanda yake zaune a Madrid, mai iya dawowa sau uku yana kallon ɗaki biyu-biyu, babu laifi. Baƙon da ya zo na kwana uku kuwa, ya biya Yuro 12 ɗinsa ta intanet, ya iso ƙarfe 10 na safe ranar Laraba ko Alhamis. Rowar nan ba ta da riba.

Ginin biyu ne a haɗe. Tsohon, wanda ake kira Sabatini, babban asibitin Madrid ne na ƙarni na 18, mai dogayen barandu da suka kewaye lambu a tsakiya. Sabon, mai jan rufi, Jean Nouvel ne ya tsara shi, aka buɗe a 2005, ƙofarsa tana kallon titin Ronda de Atocha. Abin da ya kawo ka yana tsohon gini, hawa na 2. In ka zo ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 1, sauka a tashar Estación del Arte, ka shiga ta dandalin da ke gaban Sabatini, inda lif ɗin gilashi guda biyu suke manne a jikin bango daga waje. Kafin ka shiga, ɗaga kai ka dubi dogon ginshiƙin nan mai tauraro a ƙololuwa da ke tsaye a dandalin. Kwafi ne na aikin Alberto Sánchez, wanda asalinsa ya tsaya a ƙofar rumfar Sifaniya a baje kolin Paris na 1937, rumfar da aka fara rataye Guernica a ciki. Shi ma Alberto ƙaura ya yi, zuwa Moscow, can ya rasu. Babbar jaka ta baya a bar ta a masauki ko a wurin ajiya na ƙasa. A karɓi taswirar gidan a ƙofa, kada a dogara da lambar ɗakin da aka karanta a wani tsohon littafin jagora, domin an sake jera tarin gaba ɗaya a 2021, ana kuma ci gaba da sauya shi tun zuwan sabon darakta, Manuel Segade, a 2023.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce kada ka fara da Guernica. Wanda ya fara da shi, duk abin da ya biyo baya ƙarami zai zame masa, kuma ba zai gane daga ina wannan fasasshen zane ya samo harshensa ba. Nemi Matar nan mai shuɗin kaya ta Picasso tukuna, ta 1901. Ya zana ta a Madrid yana ɗan shekara 19, ya kai ta gasar zane ta ƙasa, ba ta yi wani tasiri ba, shi kuma ya tafi bai koma ya ɗauki abinsa ba. Ta yi shekaru da dama a ɗakin ajiya kafin wani masanin tarihin zane, Enrique Lafuente Ferrari, ya tono ta. Duk labarin da muka faɗa a sama yana cikin wannan mata mai faffaɗan siket da hoda a fuska: aikin yana hannun Madrid, Madrid ba ta san abin da ta riƙe ba. A 1904 Picasso ya tare a Paris dungurungum, a wani ruɓaɓɓen gidan katako na unguwar Montmartre da ake kira Bateau-Lavoir. Daga shekarun Kubizim ɗinsa, abin da za ka gani a nan kaɗan ne, amma akwai kan Fernande, abokiyar zamansa, na tagulla na 1909. Zagaya shi sau ɗaya a hankali. Kumatu da goshi da gashi an sassare su gefe-gefe kamar an fafe su da wuƙa, kowane gefe yana kama haske ta fuskarsa. Wanda ya fahimci wannan kai ya fahimci abin da masu Kubizim suke yi a kan ƙyalle: nuna abu ɗaya daga ɓangarori da yawa a lokaci guda.

Inda gidan ya fi ƙarfi, in aka ajiye Guernica gefe, Juan Gris ne. Sunansa na yanka José Victoriano González, ɗan Madrid, an haife shi a 1887, ya tafi Paris a 1906 yana ɗan shekara 19, bai yi aikin sojan da doka ta ɗora masa ba, wannan ya toshe masa hanyar komawa gida. Ya sauka a gidan katakon nan da Picasso yake, ya yi shekaru yana cin abinci da zanen barkwanci a mujallu kafin ya fara nuna aikinsa na gaske a 1912. Ya rasu a 1927 yana da shekara 40, saboda haka aikinsa duka bai wuce na shekara goma sha biyar ba, kuma a nan za ka iya bin sa kusan daga farko har ƙarshe. Kamfanin sadarwa na Telefónica ma ya ba gidan aron tarinsa na Kubizim, wanda Gris ne ƙashin bayansa.

Matsa kusa da Kwalbar anis ta 1914. Ƙaramin aiki ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba, mutane sukan wuce shi. Takardar da ke jikin kwalbar ba zana ta aka yi ba, ainihin lambar kamfanin barasar Anís del Mono ce ta garin Badalona, ya yanko ya manna da gam, sannan ya bi da fensir da fenti ya ci gaba da layukanta har ka rasa inda takarda ta ƙare, inda fenti ya fara. Wannan dabara ta manna takarda Georges Braque ne ya fara ta a 1912, amma Gris ya fi kowa tsafta a cikinta. Picasso da Braque sukan fara daga abu, su farfasa shi. Gris yakan fara daga tsarin layuka da kusurwoyi da launi, sai daga baya ya bar kwalba ko jita ta fito daga ciki. Ka gwada: toshe tunanin kwalba, ka bi layukan da suka karkata kawai, za ka ga yadda suka raba ƙyallen kamar an auna da rula. Sannan ka duba hoton matarsa Josette na 1916, a kan katako, kusan babu launi sai toka-toka da baƙi da fari, tana zaune hannuwa a cinya, inuwarta ta zama wani ɓangare na kujera. Douglas Cooper, Baturen Ingila mai tara ayyukan Kubizim, shi ya ba Sifaniya shi kyauta. Na ukun shi ne Buɗaɗɗiyar taga ta 1921, da ya zana a Bandol, bakin tekun kudancin Faransa, inda ya je jinya bayan ciwon ƙirji. Jita da takardar waƙa a gaba, teku da tsaunuka a baya, shuɗin waje ya kwararo cikin ɗaki.

Wata matsala a nan, wadda ba laifin kowa ba ce: ayyukan da aka yi da takarda ba sa jure haske. Takardar jarida tana da sinadarin da ke sa ta ja ta yi rauni, shi ya sa ƙa'idar gidajen adana zane ita ce a riƙe hasken irin waɗannan ɗakuna a kusan lux 50, wato haske mai rauni sosai, a kuma riƙa sauke ayyukan suna hutawa a duhu. Ga kuma aro da ake bayarwa zuwa wasu ƙasashe. In akwai wani aiki guda da ka ƙwallafa rai a kansa, bincika sunansa a shafin gidan, yana nuna ko yana bango da ɗakin da yake.

María Blanchard tana kusa da Gris, kuma a nan ya kamata ta kasance, domin aminai ne, har akwai lokacin da ayyukansu suka yi kama sosai. 'Yar Santander ce, sa'ar Picasso, 1881, an haife ta da lanƙwasasshen ƙashin baya da ya wahalar da ita duk rayuwarta. Ta fara zuwa Paris a 1909, ta dawo Madrid da yaƙi ya tashi, aka nuna aikinta a 1915 aka yi masa dariya, ta koma Paris a 1916 ba ta ƙara zama a gida ba har ta rasu a 1932. Matar nan mai mafici ta 1916 ta isa shaida cewa ba 'yar rakiya ba ce. Launinta ya fi na Gris zafi, ja da rawaya, fentin kuma da kauri har yana da tudu da kwari in ka dube shi ta gefe. Abin yabo ne ga gidan cewa bai kai ta lungu ba.

Miró da Dalí sun zo a zango na biyu, na Suriyalizim, ƙungiyar da André Breton ya shelanta a 1924, masu neman zana abin da ke fitowa daga mafarki da can ƙasan zuciya. Miró ya fara zuwa Paris a 1920, ya sami ɗakin aiki a titin Blomet, amma ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa barin gonar iyayensa ta Mont-roig ba, kowane bazara yana can. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a haɗa ayyuka biyu. Gidan nan mai bishiyar dabino na 1918, kafin tafiyarsa, an zana komai dalla-dalla, kowane ganye da kowace kunya ta gona. Mutum mai lofe na 1925 kuwa kusan babu komai a ciki, wani farin abu mai zagayayyen kai da ido biyu yana shawagi a fili mai launin toka, da siririn jan layi. Shekara bakwai ce tsakani. Abin da Paris ta yi masa ke nan, ta koya masa zubar da kaya. Akwai kuma babban nan na 1934 mai suna Dodon koɗi, mace, fure, tauraro, wanda ya rubuta kalmomin da hannu a jikin zanen. An yi shi ne a matsayin samfurin da masaƙa za su bi su saƙa darduman bango.

Dalí ya bar wa gwamnatin Sifaniya dukiyarsa da ya rasu a 1989, aka raba tsakanin Madrid da garinsu Figueres, shi ya sa kasonsa a nan ya fi na Picasso tsari. Yarinya a bakin taga ta 1925 ita ce abin da jama'a suka fi so: ƙanwarsa Ana María ta juya baya, ta jingina da taga tana kallon ruwan Cadaqués, ga ɗan tawul a gefe, ga labule mai shuɗi. Ya zana ta yana ɗalibi, shekara ɗaya kafin makarantar zane ta San Fernando ta kore shi, kuma tana nuna cewa hannunsa ya riga ya nuna tun kafin ya fara abin da ya sa aka san shi. Ayyukansa na 1929, shekarar da ya shiga ƙungiyar Breton, suna nan kusa. A nan akwai gargaɗi ga mai zuwa da yara ko wanda ba ya son irin wannan: ɗakunan Suriyalizim suna da tsiraici da batsa a fili, a zane da kuma a tsofaffin finafinan da ake haskawa a bango, babu kuma wata alama a ƙofa da za ka dogara da ita. Babba ya leƙa tukuna.

Óscar Domínguez, ɗan tsibirin Tenerife da ya je Paris a 1927, ba a cika tsayawa a gabansa ba, alhali shi ya ba ƙungiyar wata dabara da kowa zai iya gwadawa a kan tebur. A shafa baƙin fentin ruwa mai kauri a kan takarda mai santsi, wani wuri da yawa wani wuri kaɗan, a ɗora wata takardar a kai, a danna da tafin hannu, a ɗaga ta daga gefe ɗaya a hankali kafin fentin ya bushe. Abin da zai fito kamar duwatsu ne ko kogo ko ciyawar ƙarƙashin ruwa. In ruwa ya yi yawa, sai ya zama taɓo kawai. In an bari ya fara bushewa, takardun su manne su yage. Max Ernst ya ɗauki dabarar ya kai ta fentin mai. Maruja Mallo, wadda ta yi gudun hijira zuwa Ajantina a 1937, tana da zanen bikin unguwa na 1927 mai cike da hayaniya. Remedios Varo kuwa, wadda ta bi ta Paris ta isa Meziko a 1941, abin da ke nan nata ɗanɗano ne kawai, manyan ayyukanta suna birnin Meziko.

Sai Guernica. Ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen yaƙin Jamus da Italiya, masu mara wa Franco baya, suka yi ruwan bama-bamai a garin Gernika na ƙasar Basque. Gwamnatin Jamhuriyar Sifaniya, wadda Franco yake yaƙa, ta riga ta nemi Picasso ya yi mata babban zane don rumfarta a baje kolin Paris, yana ta jan ƙafa. Ranar 1 ga Mayu ya fara zanen gwaji, farkon Yuni ya gama, a ɗakin aikinsa na titin Grands-Augustins. Tsayinsa mita 3.49, faɗinsa mita 7.77, babu launi sai baƙi da fari da toka-toka, fentin kuma marar ƙyalli ne da gangan.

Kallonsa yana son tsari, in ba haka ba ido ya rikice. Tsaya can baya tukuna, daidai tsakiya, ka ga babban siffar dala da ta tashi daga ƙasan ɓangarorin biyu ta haɗu a fitilar ƙwai da wata mata ta miƙo ta taga. Sannan ka fara daga dama, inda wata ta ɗaga hannuwa sama a cikin gida mai cin wuta, ka biyo wadda take jan ƙafa tana kallon haske, ka iso kan dokin da mashi ya huda, harshensa kamar tsinin wuƙa, jikinsa cike da ƙananan layuka kamar rubutun jarida, ƙwan lantarki a samansa cikin siffar ido. A ƙasa ga sojan da ya faɗi, hannunsa a guntule yana riƙe da karyayyen takobi, kusa da shi ɗan fure da sai ka matsa za ka gani. A ƙarshen hagu bijimi, ƙarƙashinsa uwa ta ɗaga kai tana kururuwa da gawar ɗanta a hannu. Tsakanin bijimi da doki akwai tsuntsu da ya kusa ɓacewa cikin duhu, mutum tara cikin goma ba sa lura da shi.

Abin da ya sa ganinsa a nan ya fi ganinsa a hoto nesa ba kusa ba shi ne ɗakunan da ke kewaye. Akwai zanen gwaji da yawa, inda za ka ga ya yi ta juya kan dokin nan da fuskar mace mai kuka, wasu ma da launi, kafin ya yanke shawarar barin launi. Akwai hotunan da Dora Maar, masoyiyarsa mai ɗaukar hoto, ta ɗauka mataki-mataki yana aiki. A na farko-farko sojan ya ɗaga dunƙulallen hannu sama a tsakiyar zanen, daga baya Picasso ya shafe shi. Akwai kuma ƙaramin samfurin rumfar da Josep Lluís Sert da Luis Lacasa suka tsara, wanda ke nuna bangon da aka yi zanen dominsa. Ba waɗannan ɗakuna minti ashirin, sun fi kowace na'urar bayani ta kunne.

Zanen ya sha yawo. Bayan Paris an naɗe shi an kwance sau da yawa ana kai shi ƙasashe, ya zauna a gidan MoMA na New York, inda a 1957 aka shafa masa kaki da ƙaro ta baya don riƙe fentin, a 1974 kuma wani ya fesa masa jan fenti aka goge. Picasso ya ce kada a kai shi Sifaniya sai 'yanci ya dawo. Ya iso Madrid a Satumbar 1981, aka ajiye shi a Casón del Buen Retiro, wani gini na gidan adana zane na Prado, bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa, aka dawo da shi nan a 1992, aka cire gilashin a 1995. Naɗin da ya sha ya bar tsaga a jikinsa, kakin kuma ya sa ƙyallen ya ƙage, shi ya sa gidan yake ƙin ba da aronsa, har ga 'yan Basque da suka sha roƙo. Akwai tazarar da ba a ƙetarewa, da masu gadi a gefe biyu. Tun Satumbar 2023 an yarda a ɗauki hoto, ba filasha, ba sandar waya, ba ƙafar kyamara. Ra'ayinmu shi ne wannan izini ya rage wa ɗakin kwarjini, domin yanzu rabin mutanen da ke gaban zanen baya suka ba shi.

Aibin gidan na gaske tsarinsa ne. An jera kayan bisa jigo da tarihin siyasa, ba bisa sunan mai zane ba, saboda haka babu wani ɗaki guda da za a ce na Miró ne ko na Picasso. Aikin mutum ɗaya yana iya warwatsuwa a ɗakuna huɗu, tsakanin mujallu da fastoci da hotuna. Ga mai nazari wannan arziki ne, yana nuna zanen cikin zamaninsa. Ga baƙon da ke da awa biyu, wahala ce, balle da lambobin ɗakuna irin 205.10 da barandun asibiti masu kama da juna. Bayanan bango da Sifaniyanci da Turanci suke, wasu kuma an rubuta su da harshen malaman jami'a. Wurin zama a ɗakunan bai wadata ba, mai ciwon ƙafa ya sauka lambun tsakiya ya huta, inda tsuntsun tagulla na Miró yake tsaye kusa da wani aikin ƙarfe na Alexander Calder mai juyawa da iska. Awa biyu da rabi zuwa uku sun isa hawa na 2 in ba a yi gaggawa ba.

Waɗanda suka nufi New York maimakon Paris, kamar Esteban Vicente da ya tafi a 1936 da José Guerrero ɗan Granada da ya bi baya, suka shiga cikin masu zanen launi zalla na Amurka, ba a ba su fili sosai a nan ba. Vicente yana da nasa gidan adana zane a Segovia, Guerrero yana da nasa a Granada.

Giɓin Kubizim ɗin Picasso kuwa ana iya rage shi a wuni ɗaya. Gidan Thyssen-Bornemisza yana kan titin Paseo del Prado, tafiyar kamar minti goma sha biyar a ƙafa, kuma can ne Mutum mai algaitar Turawa na 1911 zuwa 1912 yake, irin fasasshen zanen nan mai launin ƙasa da Reina Sofía ke ƙarancinsa, tare da Mai shan taba na Gris na 1913 da Manomin Kataloniya mai jita na Miró na 1924. Akwai tikitin haɗaka mai suna Paseo del Arte da ke shigar da mutum gidajen nan biyu da Prado, sau ɗaya kowanne, cikin shekara guda. Yana da sauƙi a kan sayen uku daban-daban, amma sai in da gaske za ka shiga ukun. In biyu kawai kake so, sayi tikitinsu ɗai-ɗai, ka yi Reina Sofía da safe, ka ci abinci, ka gangara Thyssen da yamma.